Yumɓu, Wuta da Amana

'Yan'uwa da yawa su kan tambaye mu irin aikin da mu ke yi a bayan garin Bukuru, inda hayaƙi ke tashi kowace Talata. In muka ce aikin yumɓu ne, sai su zaci tukwanen miya da tuluna mu ke ginawa. Wannan sana'a ce mai daraja, iyayenmu mata sun ci abinci da ita, amma tamu dabam ce. Ƙaramar masana'anta ce ta iyali, da ma'aikata goma sha ɗaya, da tanderu biyu, da injin niƙa ɗaya, da abin matsa guda biyu. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda kwanakinmu su ke tafiya, gama akwai samari da 'yammata da yawa cikin ikilisiyoyinmu waɗanda su ke so su kafa sana'a tasu. Sun ji labarin riba, amma ba wanda ya gaya musu abin da ke tsakanin Litinin da Asabar.

Kaya iri uku mu ke yi. Na fari shi ne kaskon yumɓu da a ke sawa cikin murhun gawayi na ƙarfe. A ƙasar Kenya aka inganta irin wannan murhu a farkon shekarun 1980, daga can ya bazu cikin Afirka. Kaskon ya kan riƙe zafi a ƙarƙashin tukunya, don haka gawayin uwargida ya kan daɗe. Na biyu shi ne tubalin wuta, wanda masu gidan burodi da masu zubin tukwanen alminiyam su ke gina murhunsu da shi. Na uku, wanda ya fi kama zuciyarmu, shi ne tukunyar tace ruwan sha. Wani masani a ƙasar Gwatemala, Fanando Mazariyegos, shi ya ƙago ta a 1981. Siffarta kamar tukunyar fure, a kan sa ta a bakin bokitin roba mai famfo, a zuba mata ruwan rijiya ko na rafi, shi kuwa ya riƙa tsatsafowa a hankali yana ɗiga cikin bokitin.

Ba mu muka fara irin wannan aiki a Arewa ba. A farkon shekarun 1950 wani Baturen Ingila, Maikel Kardiyu, ya buɗe makarantar koyon ginin yumɓu a garin Abuja na dā, wato Suleja ta yanzu. Ya yi aiki da yumɓun ƙasarmu, ya gina tanderun da ke cin itace, ya nuna cewa ƙasar nan tana da abin da za a yi kaya masu ƙarfi da shi. A 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar, ita ce mace ta fari a wurin. Ta rasu a 1984, hotonta kuwa yana bayan takardar naira 20. Duk wanda ke cin abinci da yumɓu da wuta a Arewa yau, ko bai sani ba, yana bin sawun waɗannan mutane.

Yumɓu da haɗi

Da ƙarfe bakwai na safe mu ke buɗe ƙofa. Mu kan yi gajeriyar addu'a, wanda ya ke so ya tsaya tare da mu, wanda ba ya so ya shiga aikinsa, gama huɗu daga cikin ma'aikatanmu Musulmi ne, ba mu kuwa tilasta wa kowa. Sa'an nan a raba aikin yini.

Aikin yumɓu daga rami ya ke farawa. Jan yumɓu mu kan saya daga masu haƙa a fadama, tifa guda a lokaci ɗaya. Farar ƙasa ta tubalin wuta kuwa akwai ta a nan Filato, akwai ta a Alkaleri ta Jihar Bauchi, akwai kuma a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Abin da sabon shiga bai sani ba shi ne, yumɓun rami ɗaya ma ba iri ɗaya ba ne. Na sama dabam, na ƙasa dabam. Domin wannan, duk tifar da ta sauke kaya, kafin mu taɓa shi sai mun yi gwaji. Mu kan kwaɓa kaɗan, mu yi ɗan sanda, mu ja layi mai tsawon santimita 10 a kansa, mu busar, mu gasa, mu sāke aunawa. In ya dawo santimita 9, mun san wannan yumɓu yana tsukewa da kashi ɗaya cikin goma. In ya tsuke fiye da yadda muka saba, to, kaskon da za mu yi da shi zai yi wa murhun ƙarfe kaɗan, masu walda kuwa za su komo mana da shi.

Bayan gwaji sai a shanya yumɓun, a niƙa, a tankaɗe. Na tukunyar tace ruwa mu kan gauraya shi da garin katako da mu ke kwasowa daga wurin masu yankan katako, shi ma a tankaɗe da rariya mai ƙananan idanu. A nan asirin tukunyar ya ke. In ta shiga wuta, garin katakon ya kan ƙone, ya bar ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa ya kan bi ta cikinsu, amma datti da yawancin ƙwayoyin cuta ba su iya wucewa. In garin katako ya yi yawa ko ya yi tsakuwa, kafofin su yi faɗi, cuta ta wuce. In ya yi kaɗan, ruwa ya ƙi fita, iyali su gaji da jira su koma shan na rafi. Saboda haka ba mu auna haɗi da shebur ko da kwano. Sikeli mu ke sawa, mutum ɗaya ne kuma ke riƙe da wannan aiki, yana rubuta nauyin kowane haɗi cikin littafi.

Matsa tukunyar ba wuya. Ƙoƙo biyu ne na ƙarfe, ɗaya yana shiga cikin ɗaya, a sa curin yumɓu tsakaninsu, a danna da jak irin na babbar mota. Kowace tukunya mu kan buga mata lamba tun tana ɗanya. Wuyar tana wajen bushewa. Da hunturu iska ta kan busar da baki kafin gindi, sai tukunya ta tsage, don haka mu kan lulluɓe su da leda kwanakin fari. Da damina kuwa, musamman Yuli da Agusta a nan kan dutse, abin da ke bushewa cikin mako guda sai ya ci mako uku. Mai saye yana jira, kuɗi suna kwance a kan katako, amma ba dama a gaggauta. Tukunyar da ta shiga wuta da danshi a cikinta ta kan fashe, ta kuma fasa maƙwabtanta.

Ranar wuta

Ranar Litinin da yamma mu ke jera kaya cikin tanderu, mu toshe ƙofar da tubali da laka. Talata da asuba a kunna. Mun zaɓi Talata da gangan. Wutar tanderu in an kunna ta ba a barinta, kuma bayan an kashe sai an jira kwana biyu kafin a buɗe. In mun kunna Talata, mu kan buɗe Alhamis da yamma, aikin gwaji ya faɗo Jumma'a da Asabar da safe. Ta haka ba wanda wuta za ta tsare ranar Lahadi, 'yan'uwanmu Musulmi kuma su kan tafi Masallacin Jumma'a hankali kwance. Sau da dama masu saye sun matsa mana mu kunna Asabar don kayansu su fito da wuri. Mu kan ba su haƙuri. Waɗansu sun tafi wani wuri, waɗansu sun saba da tsarinmu.

Gashi yana da matakai, kowane da hatsarinsa. Sa'o'in fari ƙaramar wuta a ke yi a bakin murhu, domin sauran ruwan da ke cikin yumɓu ya fita a hankali. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selshiyos, in kuwa ya zama tururi farat ɗaya cikin jikin tukunya, sai ka ji ƙara kamar bindiga. Bayan wannan sai garin katako ya soma ƙonewa, hayaƙi ya yi kauri. Wajen digiri 450 zuwa 600 wani ruwa dabam, wanda ke haɗe da jikin yumɓun tun halittarsa, ya kan fita. A digiri 573 kuma ƙwayoyin yashin da ke ciki su kan kumbura ɗan kaɗan a lokaci guda, su kuma tsuke a daidai wurin in ana hucewa. Duk mai tanderu ya san wannan lamba kamar sunansa, gama nan ne kaya su ke tsagewa in an yi garaje. Daga nan sai a ƙara wuta, a bar iska ta shiga sosai, domin baƙin da garin katako ya bari ya ƙone sarai. In iska ta kāsa, za ka fasa tukunya ka ga baƙin layi a tsakiyar jikinta. Tukwanen tace ruwa da kaskon murhu mu kan kai su kusa da digiri 900. Tubalin wuta yana bukatar fiye da 1,200, shi ya sa ya ke da nasa ƙaramin tanderu.

Muna da ma'aunin zafi mai waya, amma ba shi kaɗai mu ke dogara gare shi ba. Akwai wani ɗan abu mai tsini, tsawon yatsa, da a ke kira kon, wanda wani Bajamushe mai suna Herman Sega ya ƙago a 1886. An haɗa shi yadda zai lanƙwashe in ya sha wuta gwargwadon lambarsa. Mu kan ajiye su sama da ƙasa cikin tanderu, mu riƙa leƙawa ta 'yar kafa. Ma'aunin waya yana gaya maka zafin iska a wuri ɗaya, kon kuwa yana gaya maka abin da yumɓun kansa ya sha. Babban ma'aikacinmu, wanda ya yi shekaru a bakin wuta, shi da launin cikin tanderu ma ya kan gane, daga ja mai duhu zuwa ja mai haske kamar garwashi. Duk da haka ba ya kashe wuta sai kon ya sunkuya.

Itacen da mu ke ƙonawa ragowar katako ne daga wurin masu yanka. Ba mu sayen ɗanyen itacen da aka sare daga jeji. Ba zai yi kyau ba a ce muna yin murhun da ke rage cin gawayi, alhali muna cinye jejin da tanderunmu.

Aikin nan ya buɗe mana ido ga sura biyu na littafin Annabi Irmiya. A sura 18 Ubangiji ya aike shi gidan maginin tukwane, ya tarar abin da a ke ginawa ya lalace a hannun magini, maginin kuwa ya sāke shi ya zama wani abu. A sura 19 aka umarce shi ya sayi tulu gasasshe, ya fasa shi a gaban dattawa, alamar abin da ba shi gyaruwa. Mu da ke bakin tanderu mun san inda bambancin ya ke. Tukunyar da ta tsage tun tana ɗanya ba hasara ba ce, mu kan jefa ta cikin ruwa ta narke, gobe ta koma tukunya. Amma da zarar ta wuce digiri 600, ko ta shekara cikin ruwa ba za ta sāke zama yumɓu ba. Iyaye, ku tuna da wannan game da 'ya'yanku. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ranar gwaji

Kaskon murhu da tubali gwajinsu da sauƙi. A ƙwanƙwasa da ƙusa, mai lafiya ya yi ƙara mai zaƙi, mai tsaguwa ya yi ƙara kamar ta fasasshen ƙwarya. Tukunyar tace ruwa kuwa sai an jiƙa ta cikin ruwa dare guda, sa'an nan a cika ta, a jira sa'a ɗaya cif, a auna ruwan da ya fita. Wadda ta fitar da tsakanin lita 1 da lita 3 ta ci jarrabawa. Sai a shafe ta da ruwan azurfa, wanda ke taimakawa wajen kashe ƙwayoyin cuta, a busar, a sa cikin bokiti. Wadda ta yi sauri ko ta yi nawa fiye da haka an ƙi ta. Kowane gashi yana da irin waɗannan, gama zafin tanderun itace ba ya zama daidai a kowace kusurwa. Wannan ba laifin kowa ba ne, halin aikin ke nan.

Matsalar ita ce, tukunyar da aka ƙi da wadda aka karɓa kamarsu ɗaya. Launi ɗaya, nauyi ɗaya, ƙara ɗaya. Ba mai saye da zai iya rarrabe su a kasuwa. Mu kaɗai muka sani, da littafinmu, da Allah.

A ranar 29 ga Mayu 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur, farashinsa ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki. Kuɗin tifa ya tashi, kuɗin bokitin roba ya tashi, waɗanda mu ke bi bashi suka daina ɗaukar waya. Damina kuma ta kankama, kaya sun ƙi bushewa. Cikin wannan hali wani ɗan kasuwa ya zo ɗaukar kaskon murhu ranar wata Jumma'a, ya ga tukwane arba'in da 'yan kai an jingine su a gefe. Ya tambaya, aka gaya masa. Sai ya ja mai gida gefe ya ce, "Malam, ka ba ni su a rabin kuɗi, yanzu in biya ka hannu da hannu. Ƙauye zan kai su. Ai ko ba kome sun fi ruwan rafi." Kuɗin da ya ambata sun kusa cika albashin da za mu biya washegari, a akwatinmu kuwa ko rabinsa babu.

Mun zauna mu biyu a ofis muka yi shawara, ba ta kuwa ɗauki lokaci ba. Maganarsa tana da kamar gaskiya, amma mun san yadda abin ke faruwa a gida. Uwar da ba ta da matata ta kan ji tsoron ruwan rafi, wani lokaci ta tafasa wa jaririnta. Ranar da ta sayi matata ta daina tafasawa, gama ta ba da gaskiya. In matatar ta ƙarya ce, mun ƙwace mata tsoron da ke tsare ɗanta, ba mu ba ta kome a madadinsa ba. Gudawa kuwa tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasarmu. Muka ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, waɗannan ba na sayarwa ba ne." Ya yi dariya, ya ce ba a yin arziki da irin wannan hali. Bai yi fushi ba, har yau yana sayen kasko a wurinmu.

Albashin ranar Asabar ɗin daga kuɗin adashen uwargida ya fito, waɗanda ta ke tarawa domin makarantar yara. Ba wani baƙo da ya zo da babbar oda a makon da ya biyo, wata biyu muka yi muna cike wannan rami. Muna faɗin wannan domin kada wani saurayi ya zaci duk wanda ya yi gaskiya za a sāka masa kafin faɗuwar rana. Wani lokaci gaskiya tana da tsada, a kuwa biya. Ka'idarmu ita ce, duk tukunyar da ta faɗi gwaji a huda gindinta da ƙusa nan take a gaban kowa. Masu sayar da furanni a Jos su kan saye su da araha. Sauran a farfasa, a niƙa tsingaron, a zuba cikin haɗin tubalin wuta, inda ya ke hana shi tsukewa da tsagewa.

Mu kan kuma gaya wa kowane mai saye iyakar abin da matatar ke iyawa. Tana tsare datti da yawancin ƙwayoyin da ke kawo gudawa, amma ba ta cire gishiri ko maganin feshi ko gubar da ta narke cikin ruwa. Ba a wanke tukunyar da sabulu, sai da buroshi mai laushi da ruwa mai tsabta. In ta tsage, a daina amfani da ita ko da tsaguwar kamar gashi ce.

Lissafi da hakkin ma'aikaci

Uwargida ce ke riƙe da littafin kuɗi. Kowace yamma ta kan rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ƙusa. Akwati uku ne a wurinta: na albashi, na kayan aiki, na gida. Kuɗin masana'anta ba kuɗin cefane ba ne, mu ma albashi mu ke ɗauka kamar kowa, daga cikinsa kuma mu ke fitar da zakarmu. Sana'o'in 'yan'uwa da yawa sun mutu, ba don rashin ciniki ba, sai don aljihu ɗaya ne ke ɗauke da kuɗin yumɓu da na biki da na asibiti.

Wajen sa farashi, mai koyo ya kan lissafta yumɓu da itace da lada, ya manta da abu uku: kayan da za su fashe, gyaran tanderu, da kwanakin da ba wutar lantarki sai janareto. Mu kan raba kuɗin dukan gashi a kan kayan da suka fito lafiya kaɗai. In ka raba a kan dukan abin da ka jera cikin tanderu, kana sayarwa da hasara kana murna.

Bashi kuwa, an ce hanji ne, yana cikin kowa. Amma mun koyi cewa bashin ɗan'uwa cikin ikilisiya ya fi kowane wuyar karɓa, gama za ku haɗu ranar Lahadi, kai kana jin kunyar tambaya, shi yana jin kunyar gaisuwa. Don haka kowa, ko fasto ne ko dattijo, rabin kuɗi ya ke ajiyewa kafin mu kwaɓa yumɓu, a kuma rubuta sauran a takarda. In muna so mu taimaki wani, mu kan ba shi kyauta a fili, ba mu kiranta bashi. Wannan ya tsare mana zumunci da yawa.

A 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Dokar ba ta kama wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato ba ta kama mu ba. Amma akwai dokar da ta riga ta. Cikin Littafin Firistoci sura 19 da Maimaitawar Shari'a sura 24 an hana riƙe ladan ɗan ƙodago har ya kwana, Yakubu kuma a sura 5 ya gargaɗi masu arziki cewa Ubangiji yana jin kukan ma'aikatan da aka danne wa hakki. Ba mu kai yadda mu ke so ba tukuna wajen yawan albashi, amma ranar biya ba ta motsi. Asabar da ƙarfe biyu kowa ya karɓi nasa, ko gashin makon ya yi kyau ko bai yi ba. Hasarar tanderu ta mai tanderu ce.

Mu kan ɗauki yara masu koyo biyu a lokaci guda, da yardar iyayensu, bayan sun gama makaranta. Shekarar fari a wajen tankaɗe da shanya su ke yi, ta biyu a wajen matsa, sai a ta uku su kusanci wuta. Wani ya taɓa ce wa mai gida, "Baba, in ka koya musu duka, gobe za su buɗe nasu su ƙwace maka kasuwa." Ɗaya daga cikinsu ya riga ya buɗe nasa a wata jiha, mu kan kuma tura masa masu saye na wajensa. Gidajen da ke shan ruwan rafi a Arewa sun fi ƙarfin masana'anta ɗari irin tamu.

Ƙura da dalma

Abu biyu ke kashe masu wannan sana'a a ɓoye. Na fari ƙura ce. Ƙurar busasshen yumɓu tana ɗauke da garin yashi mai laushi ƙwarai, wanda in ya shiga huhu ba ya fita. Bayan shekaru sai mutum ya soma tari da haki, ciwon kuwa ba shi da magani, yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Saboda haka ba a shara da tsintsiya a busasshen daɓe a wurinmu, sai an yayyafa ruwa. Mai niƙa da mai tankaɗe dole su sa takunkumi na ainihi, ba ƙyalle ba. Samari ba su son sa, su kan ce yana hana su numfashi. Wanda aka gani ba shi da shi ya kan koma gida ran nan. Yara ƙanana kuwa ba su shiga ɗakin niƙa ko kaɗan, ko namu ne.

Na biyu dalma ce. Waɗansu masu yin kwanonin yumɓu su kan sa ta cikin abin da ke ba kwano ƙyalli, domin tana narkewa da ƙaramar wuta. Abinci mai tsami ya kan jawo ta daga jikin kwano zuwa cikin mai ci. Dukanmu mun tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, sa'ad da gubar dalma daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. An sha roƙonmu mu yi kwanoni masu ƙyalli da araha, mun ƙi, gama tanderunmu na itace ba ya kai zafin da za a yi ƙyalli mai lafiya yadda mu ke so. Uwaye, in za ku sayi kwanon yumɓu mai ƙyalli, ku tambayi inda aka yi shi da abin da aka shafa masa.

Ga saurayi ko budurwa da ke tunanin shiga wannan aiki, shawararmu ita ce, ka fara yin shekara biyu ko uku a ƙarƙashin wani kafin ka gina tanderu. Ka soma da kaya iri ɗaya wanda ka riga ka san mai sayensa. Ka sayi sikeli da littafi kafin ka sayi allon suna. Ka kuma yanke shawara tun yau a kan abin da ba za ka sayar ba ko nawa aka taya, gama ranar da akwati ya zama wofi ba ranar yin wannan tunani ba ce.

Muna roƙon masu karatu su riƙa tunawa da mu cikin addu'a, da dukan 'yan'uwa masu ƙananan masana'antu, masu walda da kafintoci da maɗinka da masu gidan burodi, waɗanda iyalai da yawa ke ci daga hannunsu cikin wannan tsadar rayuwa. Ku roƙa mana haƙuri da damina, da lafiyar ma'aikatanmu, da zuciyar da za ta riƙe ma'auni na gaskiya. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku, ya kuma tsare gidajenku. Amin.